Sabon Ibadan: Yadda tatsuniya za ta koya wa yara rubuta waƙa

Tun shekarar 1916 da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan, fataucin goro da shanu ya tara Hausawa a tsakiyar ƙasar Yarabawa, kuma har yau Hausa ce harshen gida da na kasuwa a unguwar. Sai dai yaron da ke jin Hausa tun yana goye, idan ya shiga makarantar boko Turanci da Yarabanci zai tarar. Yana iya girma bakinsa cike da Hausa, alƙalaminsa kuwa bai san ta ba.

Magani mafi araha yana cikin tatsuniya. Yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, kuma yawancin tatsuniyoyi suna ɗauke da gajerun waƙoƙi a tsakiyarsu. Aikin malami shi ne ya ba da labarin, ya sa yara su rera waƙar, sannan ya rubuta ta a allo su ga siffar abin da suka furta. Daga nan sai kowa ya zaɓi aukuwa guda, kamar ranar da kwaɗayi ya jefa Gizo cikin tarko, ya mayar da ita baiti mai ɗango biyu. Neman amsa-amo tsakanin yunwa da dawa da rawa yana horar da kunne, ya kuma tilasta wa hannu bambance ƙ da k, ɗ da d.

Kayan aikin ma ba baƙi ba ne a garin. A Ibadan kamfanin Oxford University Press ya buga Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970. A wannan zamanin ne kuma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyarwa da Yarabanci na shekara shida a Ile-Ife, wanda ya nuna cewa harshen uwa ba ya tauye Turancin yaro.

Abin da ya rage shi ne malaman Hausa da littattafai. Jami'an Ma'aikatar Ilimi da na hukumar UBEC a Abuja, waɗanda ke tsara rabon kayan karatu, ya kamata su tuna cewa akwai yara masu jin Hausa a Jihar Oyo. Islamiyyun Sabo kuwa za su iya farawa da sa'a ɗaya a mako.