Maganin Fiya-Fiya A Sito Da Ɗakin Kwana

Kaka ta yi, an gama roron wake, 'yan kasuwa sun fara jibge buhuna a sito suna jiran watan da zai yi tsada. Daga yanzu har faɗuwar damina babu abin da ke hana mai wake barci kamar ƙwaro. Saboda haka a wannan lokaci ne cinikin maganin nan da ake kira fiya-fiya ke tashi. Duk mai sayensa ya san yana kashe ƙwari nan take. Amma kaɗan ne suka san abin da ke cikin kwalbar, da ta inda yake shiga jikin mutum, da kuma cewa yana cin wuta.

Sunansa wurin masana diklobos, a jikin kwalba kuwa akan rubuta DDVP. Tun wajen 1961 aka fara sayar da shi a duniya. Kamfanoni da yawa suna yinsa, kowa da sunan da ya sa wa nasa, wanda aka fi sani a kasuwanninmu shi ne Sniper. Na hannun 'yan talla, wanda ake ɗurawa a 'yan kwalaben allura ba takarda ba suna, shi ma yawanci diklobos ɗin ne aka tsarma, sau da yawa da kananzir. Wanda ya tsarma shi kaɗai ya san ƙarfinsa, watakila ma shi ɗin bai sani ba.

Masana sun sa diklobos cikin wani babban dangi da suke kira ista, watau abin da kan fito in an haɗa asid da alkohol. Dangin nan ba duka ne mugaye ba. Ƙanshin da ke tashi daga nunanniyar ayaba ista ne, man gyaɗa ma na cikinsu, haka wani irin ruwan da mata ke goge jan farce da shi, wanda ko ashana aka ƙyasta kusa da shi sai ya kama. Shi diklobos daga asid ɗin fosfaras aka yi shi, kuma ya gaji halin dangi guda biyu waɗanda ya kamata manomi ya riƙe. Na farko, yana saurin zama tururi ya bi iska. Na biyu, ruwa yana warware shi a hankali, ruwan da ke da sabulu ko toka ko kanwa kuwa ya fi saurin lalata shi. Shi ya sa wanda ya dama magani a famfon feshi ya bar shi ya kwana, ko ya dama da ruwa mai kanwa, zai ga bai yi aiki sosai ba, ya ce an sayar masa da jabu. Shi ya sa kuma sabulu ne abokin mai feshi.

Yadda yake kashe ƙwaro, haka yake kashe mutum. A jikin kowane mai rai jijiyoyi ne ke kai saƙo ga tsoka, su ce ta motsa. In saƙo ya isa, akwai wani sinadari da Allah ya sa a jiki wanda ke share shi, don tsoka ta huta. Diklobos sai ya ɗaure wannan sinadari. To, saƙo ya yi ta zuwa ba mai tsayar da shi. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri, miyau ya yi ta zuba, gumi ya keto, hawaye da majina, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, sa'an nan amai da gudawa, naman jiki ya riƙa rawa. In abin ya yi yawa ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin aji mai haɗari ƙwarai, shi ne dalilin jan layin da ke gindin takardar kwalba. Ja ya fi kowane launi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Mutane da yawa suna tsammani sai an sha yake illa. Ba haka ba ne. Yana shiga ta fata, ko babu rauni, balle fatar da ta jiƙe da gumi. Yana shiga ta hanci. Ɗan ƙwadagon da ya goya famfo mai yoyo, maganin ya jiƙa masa riga tun hantsi har azahar, ya sha shi ta baya bai sani ba. Haka iyalin da aka yayyafa musu shi a ɗaka saboda sauro ko kuɗin cizo, aka rufe ƙofa da taga aka kwanta. Yara ƙanana su ne abin ya fi kamawa, gama jikinsu ƙarami ne, kuma a ƙasa suke kwana. Ba a yi wannan magani don ɗakin kwana ba, ba a yi shi don kashe ƙwarƙwata a kai ba. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa na mililita 100 a kasuwanni da kantuna, saboda yawan rayukan da suka salwanta.

In magani ya taɓa mutum, a fitar da shi sarari ya sha iska, a tuɓe tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Mai wanke shi ya sa safar roba, ko ya zura hannu cikin leda. In a ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15. In ya haɗiye ne, kada a sa shi amai, domin man da ke ciki zai iya sauka huhu. Manja da nono da ake ɗura wa mutum ba su karya wannan guba, ɓata lokaci ne kawai, wanda ya suma kuwa yana iya shaƙewa da su. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a tafi da kwalbar. Likitoci suna da allura mai suna atirofin wadda ke ceto in an zo da wuri, amma sai sun san abin da ya ci mutum.

Sai maganar wuta, wadda ita ce 'yan kasuwa da akawunan sito suka fi sakaci da ita. A jikin kwalba za a ga an rubuta 1000 EC. Ma'anar 1000 ita ce akwai giram 1,000 na guba cikin kowace lita. EC kuwa na nufin an gauraya ta da mai da wani abu kamar sabulu, don in an zuba a ruwa ta yi fari kamar madara. Diklobos kansa ba ya kamawa sai ya yi zafi ƙwarai, amma irin man da akan gauraya magungunan EC da shi dangin kananzir ne, ko wani da ake kira zailin. Tururin zailin yana kama wuta tun zafi na wajen digiri 30, na kananzir kuwa daga wajen 38. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin watan Afrilu yakan wuce 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano da aka kulle da tsakar rana. Tururin nan ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, ya rarrafa har ya tarad da guntun taba, ko garwashin mai shayi, ko janaretan da aka ajiye a bakin ƙofa.

Gobarar shagon magani ba irin ta sauran shaguna ba ce. Kwalabe suna fashewa, hayaƙin da ke tashi guba ne, 'yan kallo da masu taimako duk suna shaƙa. In aka watsa ruwa, mai ya hau kansa ya yaɗu, ruwan kuma ya gangara da guba cikin kwata ko rijiya. Ƙaramar wuta yashi ko ƙasa ke kashe ta, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. In ta girma, a kori jama'a zuwa wajen da iska ke fitowa, a gaya wa 'yan kwana-kwana abin da ke ciki kafin su shiga. Abin mamaki ne a ga ɗan kasuwa da kaya na miliyoyi a shago, ba shi da bokitin yashi ko guda.

Ɗakin ajiyar magani ya zama daban, mai iska, mai makulli, ba abinci, ba dusar dabbobi, ba fetur, kuma kada maigadi ya kwana ciki. In kwalba ta zube a rufe wurin da yashi, a kwashe, a wanke da ruwan sabulu ko na toka. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin famfo, a huda ta don kada wani ya zuba man gyaɗa.

To, koma wa wake. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Yana saka ƙwai a bayan ƙwaya, tsutsa ta huda ta shige ciki ta yi ta ci, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike. Fiya-fiya na kashe na waje, amma ba ya ratsa buhu da ƙwaya sosai, kuma da yake yana bin iska, bayan 'yan kwanaki ƙarfinsa ya ragu, sababbi su fito. Sai mai wake ya sake yayyafawa, ya ƙara hannu, wani ma ana gobe zai kai kasuwa. Wanda ya saya ya dafa shi ne zai ci saura. Haka ake yi wa busasshen kifi.

Wannan ya riga ya jawo wa ƙasa asara. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda diklobos, a 2016 kuma ta ƙara wa hanin shekara uku. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, watau giram ɗaya tak cikin buhu 1,000 masu kilo 100. An sami waken da ke ɗauke da har miligiram 4.6, ninki 460 ke nan. Turawa suna da ma'aunin gwadawa a tashar jirgi, suka mayar da kaya. Matar da ke auna mudu ɗaya don ƙosai ba ta da shi.

Alhali kuwa ana iya ajiye wake ba da ɗigon magani ba. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da na Marwa a arewacin Kamaru, sun gano cewa in aka toshe wa ƙwaron iska, da kansa zai shanye wadda ta rage ya mutu. Daga nan aka yi buhun PICS, wanda aka fara bazawa a Afirka ta Yamma a 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Duro mai murfi ko jarka mai tsabta su ma suna yin wannan aiki in an cika su taf. Sharaɗin shi ne wake ya bushe sarai, a tankaɗe ƙaiƙayi, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Kafin a zuba, a hura ledar a duba ko da huji. A ɗora buhun bisa katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa kwance shi ana ɗiba. Na cin gida a ware shi a jarka tun farko.