Me Ya Sa Kunu Ke Cika Ciki, Amma Yaro Ya Ci Gaba da Ramewa?

A kowane gida na ƙasar Hausa, idan jariri ya kai lokacin da nonon uwa kaɗai bai ishe shi ba, abin da ake fara ba shi shi ne kunu ko koko. Uwa za ta dama, ta tsinka shi da ruwa don ya wuce maƙogwaro ba wahala, yaro ya sha har cikinsa ya yi tim. Duk da haka sau da yawa sai a ga yaron yana ramewa, nauyinsa ya tsaya cik wata da watanni, alhali kuwa gidan ba a rasa hatsi ba. Wasu su ce haƙori ne, wasu su ce shawara, wasu ma su zargi maƙwabta. A wannan maƙala ina so mu leƙa cikin tukunyar kunun da kanta, domin wani babban ɓangare na amsar yana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun shekarar 2001 cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a fara haɗa masa da wani abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Yaro mai wata 9 zuwa 11 da ke shan nono yana bukatar kimanin kalori 300 a kullum daga wannan ƙarin abinci. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. To amma cikin yaro ƙarami ne. Abin da yake iya ɗauka a zama guda bai wuce kimanin mililita 30 ga kowane kilo na nauyin jikinsa ba. Yaro mai kilo 8 ke nan, mililita 240 sun cika shi, wato kofi guda.

Yanzu sai ɗalibai su ɗauko alƙalami. Giram 100 na garin gero ko dawa yana ba da kalori kimanin 350. Idan kunu yana da giram 10 na gari cikin kowane mililita 100, kalorinsa 35 ke nan. Nonon uwa kuwa yana da kusan kalori 65 zuwa 70 a wannan ma'auni. Ashe kunun bai wuce rabin ƙarfin nonon da yake ƙoƙarin maye gurbinsa ba. Kafin yaron ya samu kalori 300 ɗin nan sai ya sha fiye da mililita 850, wato ya cika cikinsa maƙil sau uku da rabi. Idan kuma aka ƙara tsinka kunun har garin ya koma giram 5, sai ya sha lita guda da kusan kashi uku cikin huɗu. Babu yaron da zai iya wannan. Ruwa ne ya cika masa ciki, ya hana shi neman nono, shi kuwa ruwa ba ya da kalori ko ɗaya.

Mai karatu zai ce, to a ƙara gari mana. A nan gizo ke saƙa. Mafi yawan abin da ke cikin hatsi sitaci ne, shi kuwa sitaci dogayen sarƙoƙi ne na sukarin da ake kira gulukos, a dunƙule cikin ƙananan ƙwayoyi. Da zarar zafin ruwa ya kai wajen digiri 60 zuwa 75 a ma'aunin Salsiyos, sai ƙwayoyin su tsotse ruwa su kumbura, sarƙoƙin su warware su sarƙe da juna. Wannan shi ne kaurin da muke gani. Idan aka ninka garin, abin da za a samu ya fi kusa da talge, jariri kuma ba ya iya haɗiye shi da yawa. Saboda haka uwar da ke tsinka kunu ba sakaci ta yi ba, abin da sitaci ya tilasta mata ne.

Maganin wannan matsala yana cikin ƙwayar hatsin kanta. Idan aka jiƙa gero ya fara tsiro, ɗan tsiron yana bukatar abinci, amma ba ya iya amfani da sitaci sai an daddatsa masa shi. Don haka ƙwayar takan samar da wani sinadari mai suna amilas, ɗaya daga cikin sinadaran da ake kira inzayim, waɗanda aikinsu shi ne gaggauta narkewar abu. Amilas kamar almakashi yake, yana yanka dogayen sarƙoƙin sitaci zuwa guntaye, su kuwa guntayen ba sa riƙe ruwa. Irin wannan sinadari yana cikin yawun bakinmu, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya fara zaƙi. Masu sana'ar kunun zaƙi sun daɗe da sanin aikin, ko da ba su san sunan ba: busasshen dankali ko tsiron hatsin da suke niƙawa su zuba cikin dafaffiyar gasara, amilas ɗin da ke cikinsu ne ke tsinka kunun ya kuma sa masa zaƙi. A ƙasar Tanzaniya garin tsiro ana kiransa kimea, kuma ma'aikatan lafiya sun yaɗa amfani da shi a kunun yara tun cikin shekarun 1980.

Yin sa ba wuya. A wanke gero, a jiƙa shi kwana guda, a tsane, a baza a kan tsumma mai tsabta a rufe da wani mai danshi, ana yayyafa ruwa har kwana 2 ko 3. Idan ya tsiro sai a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a murje 'yan saiwoyin da tsiron a sheƙe su, sannan a niƙa. Sai a dama kunu mai kauri sosai, a sauke, a bari ya ɗan huce, domin tafasasshen zafi yana kashe amilas. A zuba ƙaramin cokali guda na garin tsiro a juya. Cikin 'yan mintoci za a ga kunun ya saki ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Da wannan dabara ana iya sa gari ninki biyu, har ma uku, kunun bai gagari yaro sha ba. Bayan ya saki wajibi ne a mayar da shi wuta ya sake tafasa, saboda garin tsiro ɗanye ne, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Na fi son gero a kan dawa a wannan aiki. Tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari mai sakin gubar sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, kuma a cikin saiwa da tsiron ta fi taruwa. Wanda zai yi da dawa kada ya yi wasa da murjewa da sheƙewa.

Kalori dai rabin zance ne. A shekarar 1933 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, wadda ke aiki a Akara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bayyana wata cuta da ke kama yaran da aka yaye a kan kunun masara: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta riƙa saɓulewa. A 1935 ta yi amfani da sunan da mutanen Ga ke kiran cutar da shi, kwashoko, wato ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane. Ita ce nau'in tamowa mai kumburi. Masana a yau sun gano cewa abubuwa da dama ne ke haɗuwa su kawo ta, ciki har da yawan cututtuka, amma abin da likitar ta lura da shi yana nan daram, cewa hatsi zalla ba ya rainon yaro.

Dalili kuwa shi ne furotin, wanda jiki ke gina tsoka da jini da shi, an haɗa shi ne da tubala iri 20 da ake kira amino asid. Guda 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, sai dai ya same su a abinci. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan mai suna laisin. Wake da waken soya suna da shi da yawa, su kuma suna da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ya fi su. Idan aka haɗa su, kowane ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Kakanninmu da suka haɗa ƙosai da koko, da shinkafa da wake, ba su karanta wannan ba, amma sun dace da shi. Mudu 3 na hatsi da mudu 1 na soyayyen waken soya haɗi ne mai kyau, kuma shi ne tushen garin da ake kira Tom Brown. Soyawar ba don ƙamshi kaɗai ake yin ta ba, ɗanyen waken soya yana da sinadarin da ke hana narkewar furotin, zafi ne ke karya shi.

Gyaɗa laisin ɗinta bai kai na wake ba, amma tana da mai, shi kuwa mai kalori 9 yake bayarwa a kowane giram, inda sitaci ke ba da 4. Ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja yana ƙara wa kofin kunu kalori wajen 40, manja kuma ya zo da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sai dai a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yamushe a zubar, domin gubar afulatokzin da ke cikinta tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Duk ranar da aka samu ƙwai, ko ɗan garin busasshen kifi, ko hanta, a sa wa yaro. Canfin da ke cewa ƙwai yana sa yaro sata ya cuci yara da yawa. Zuma kam a dakata da ita sai ya cika shekara, saboda takan ɗauko ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba.

Malaman kimiyya a makarantun sakandare za su iya nuna aikin amilas a aji da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba. A dama kunu mai kauri, a raba shi kofi uku. A bar na farko yadda yake. A sa wa na biyu garin tsiro, na uku kuma a sa masa garin tsiron da aka riga aka tafasa cikin ɗan ruwa. Bayan minti 10 ɗalibai su karkata kowane kofi su ga wanne ne ke zuba. Sannan a ɗebi kaɗan daga kowane, a ɗiga masa ruwan aidin, wanda ke mayar da sitaci shuɗi mai duhu, a maimaita bayan rabin sa'a, a rubuta yadda launin kofi na biyu ke canzawa. Kunun da aka ɗiga wa aidin ba na sha ba ne, a zubar da shi bayan darasi.