Wasan ruwa ga ƙananan yara a bazara: lita biyu ta isa

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin iyali na wannan mako.

Duk mai zama a Pissy ko Zongo ba sai an gaya masa yadda watan Afrilu yake a Wagadugu ba. Zafi ya haura digiri 40, famfo ya yi shiru, jarkoki sun yi layi tun asuba. Yawancin ruwan birnin nan daga madatsar Ziga yake zuwa, a kan kogin Nakambe, wajen kilomita 50 daga gari. Manya za su tuna bazarar 2016, lokacin da hukumar ruwa ta ONEA ta riƙa ba kowane ɓangare ruwa awa 12, ya jira wasu 12. An faɗaɗa aikin Ziga bayan nan, amma shi ma garin ƙaruwa yake yi.

To a irin wannan hali, in an ce a ba yaro ruwa ya yi wasa, uwa za ta ce kai ba ka san kuɗin jarka ba. Tana da gaskiya. Sai dai ɗan shekara biyu jikinsa ya fi namu saurin ɗaukar zafi, kuma bai iya cewa "ina jin ƙishirwa" ba, rigima kawai za ku gani. Abin da ke sanyaya shi kuwa ba yawan ruwa ba ne. Ku dubi randa: ɗan gumin da take yi a bayanta, iska ta busar, shi ke sanyaya na ciki. Haka fatar yaro take. A jiƙa ta, iska ta bi ta kai, shi ke nan. Lita biyu, wato kashi ɗaya cikin goma na jarka mai lita 20, ta ishe shi ya daɗe yana sha'aninsa.

Ku sami gorar roba, ku huda murfin da ƙusa wuri uku ko huɗu, ga ruwan sama a hannun yaro. Ya matsa a kansa, a ƙafarsa, a kan ƙasa. Ko ku zuba kaɗan a faranti mai faɗi, ku ba shi ludayi da ƙoƙo biyu, ya yi ta juyewa daga wannan zuwa wancan. Ni dai wanda na fi so shi ne na tsumma: a jiƙa, a ba shi ya yi zane a jikin bango ko daɓen siminti. Kafin ya waiga zanen ya bushe, ya tsaya yana mamaki, ya sake. Kofi ɗaya ma ya isa. Akwai kuma tuwon ƙasa da muka yi muna yara, yashi mai tsabta da ɗan yayyafi. Duka a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar. Abin da ya rage a yayyafa a tsakar gida ko gindin zogale.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ranar da ruwa ya zo, kowane gida cike yake da bokiti da baho da duro a buɗe. Ƙaramin yaro kansa ya fi jikinsa nauyi. In ya leƙa bokiti ya kifa, ba zai iya ɗagowa ba, kuma ba za ku ji kuka ba. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya kashe shi cikin 'yan mintoci. Don haka a rufe komai da murfi mai nauyi, a kife wanda babu komai ciki. Rufewar tana hana sauron da ke kawo zazzaɓin denge yin ƙwai, kun dai ga yadda cutar ta yi mana a 2023. Kuma babba ne zai zauna kusa da mai wasan, kada a bar wa yayarsa 'yar shekara shida.

'Yan'uwa makiyaya, komin shayar da dabbobi da bakin tafki ba wurin wasan yaro ba ne. Ban da nutsewa, a tafki ake kwasar tsargiya. Fatake kuma, jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko an wanke ta kada ta kusanci yaro. Ruwan wasa ya zama wanda za a iya sha, don sai ya kai baki.

Wasa ba ya maye gurbin sha. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono kaɗai, a ƙara yawan shayarwa. In kun ga fitsari ya ragu ya yi duhu, ido ya faɗa, baki ya bushe, ko jiki ya yi zafi yaro ya yi laushi, a kai shi inuwa, a shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a garzaya asibiti mafi kusa. Mu a nan akwai asibitin Pissy. In da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti tun a hanya.