Keke Ɗaya, Mahaya Biyu, A Kan Layin Dogon Da Jirgi Ya Daina Bi

Mai karatu, duk wanda ya shafe shekaru yana tsayuwa a gaban aji, ɗalibai na kallonsa shi ma yana kallon su, ba ƙaramin horo ba ne a ɗora shi a bayan wani, a ce ya yini ba abin da zai gani a gabansa sai ƙeyar abokin tafiya. Wannan horo shi na sha a watan Oktoba na 2018 a jihar Mizuri ta ƙasar Amurka, ranar da wani abokin aikina, dattijo Ba'amurke, ya gayyace ni mu hau kekensa mai sirdi biyu, mu bi wata hanya da ake kira Katy.

Ita wannan hanya asalinta layin dogo ne na kamfanin jirgin ƙasa na Mizuri, Kansas da Teksas. Daga haruffan K da T na sunan kamfanin mutane suka ƙago masa laƙabin Katy, wato suka mayar da shi sunan mace, kamar dai yadda Bahaushe ya dubi ƙarfen reluwe ya ga ba ya ƙarewa, ya ce masa dogo. A 1986 ambaliyar Kogin Mizuri ta lalata layin, kamfanin ya ga gyara ba zai biya ba, ya janye jiragensa. Aka kwashe ƙarafa da katakan da ke ƙarƙashinsu, aka shimfiɗa niƙaƙƙen farin dutse, aka buɗe kashin farko a 1990 kusa da garin Rocheport. A yau tsawon hanyar ya kai mil 240, kimanin kilomita 386, daga Clinton zuwa Machens, kuma mota ba ta bin ta.

Kafin mu tashi daga Boonville, sai da abokina ya yi mini karatun keken. Shi da ke gaba shi ke riƙe da kan keke da birki da giya. Ni da ke baya ba ni da komai sai ƙafafuwana. Sarƙa ɗaya ta haɗa fedarsa da tawa, saboda haka in ya taka dole in taka, in ya tsaya dole in tsaya. Turawa na kiran na gaba kyaftin, na baya kuwa “stoker”, kalmar da asalinta sunan ma'aikacin da ke zuba kwal a wutar injin jirgi ne, wanda ƙarfinsa ke tafiyar da jirgin amma ba shi ke tuƙi ba. Na yi dariya da na ji haka, domin ga shi an kori jirgi daga layinsa, amma sunan ma'aikacinsa ya dawo a kan keke. Shi kansa sunan keken, “tandem”, kalmar Latin ce mai nufin “a ƙarshe” ko “bayan dogon lokaci”. Turawan Ingila ne suka yi wasa da ita, suka ɗauke tsawon lokaci suka mayar tsawon jere, suka laƙaba wa dawakin da aka ɗaura ɗaya a bayan ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne, wannan keke ba ya tafiya sai da magana. Tun da na baya ba ya ganin hanya, wajibi ne na gaba ya riƙa sanar da shi komai kafin ya auku: ga rami, zan sauya giya, mu daina takawa, zan tsaya. Kalmomin gajeru ne, ba ado, ba sakaya zance. Sau ɗaya abokina ya shagala da ba ni labari, muka iso inda hanyar ta ratsa titin mota, ya taka birki bai faɗa ba. Ni kuwa ina nan ina takawa da ƙarfina. Muka karkata, muka zube a kan tsakuwa, gwiwata ta goge. Bai nemi wani uzuri ba, ya ce laifin nasa ne, domin a al'adar masu wannan keke na baya ba ya laifi.

Amfanin keken ya bayyana gare ni bayan mun yi nisa. Abokina ya girme ni da shekaru kusan ashirin, amma ya fi ni juriya nesa ba kusa ba. Da kekuna biyu muka hau, da tuni ya yi mini fintinkau, ko kuma ya yini yana jira na. A kan keke ɗaya kuwa, kowa ya ba da iya ƙarfinsa, a isa tare. Shi ya sa ma'aurata ke son sa, shi ya sa kuma makafi ke tsere da shi a gasar nakasassu ta duniya, mai gani a gaba, makaho a baya. Rauninsa hawan tudu da kwana mai tsanani, kuma layin dogo ba shi da ko ɗaya, tun da injiniyoyin da suka shata shi sun san jirgi ba ya son tudu.

Muka wuce gonakin masara da waken suya da ake cikin girbe su, muka shiga kogon Rocheport, wanda aka huda cikin dutse a 1893, tsawonsa ƙafa 243. Daga nan hanyar ta matse tsakanin kogi a hannun dama da duwatsu masu tsayi kamar bango a hannun hagu, ta gaɓar da ayarin Lewis da Clark suka bi da jiragen ruwansu a 1804. Alamomin mil da ke gefen hanya har yau lissafin jirgi suke bi, daga birnin St. Louis suke ƙirgawa.

Shi Rocheport mutanensa ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Irin waɗannan garuruwa kogi da jirgi ne suka raya su, da jirgi ya tafi kuma babbar hanyar mota ta kauce musu, sai matasa suka watse. Amma na ga shagon hayar kekuna da gyaransu, na ga gidajen abinci da masaukin baƙi, duk sun dogara da masu wucewa. Mai mota yana iya keta gari goma bai tsaya ba. Mai keke kuwa ƙishirwa da yunwa da gajiya za su sauke shi, ko ya so ko ya ƙi.

To, yaya aka yi filin bai watse ba? A nan ne gizo ke saƙar. A 1983 majalisar Amurka ta yi gyara ga dokar hanyoyin ƙasa, ta ba da damar a ajiye layin dogon da aka daina amfani da shi, kamar yadda ake ajiya a banki. A idon doka layin bai mutu ba, aro aka ba masu keke da masu tafiya a ƙasa, ranar da aka bukaci jirgi ana iya mayar da ƙarfe. Manoman da gonakinsu ke maƙwabtaka da layin ba su ji daɗi ba, domin a ganinsu filin kakanninsu ne da aka ba jirgi, in jirgi ya tafi sai ya dawo hannunsu. Suka garzaya kotu. A 1990 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar, daga baya kuma aka biya wasu masu filaye diyya. A ganina manoman suna da hujja, kuma biyan su shi ne adalci. Amma da an bar kowa ya yanki nasa ya kafa shinge, da babu kuɗin da zai sake haɗa mil 240 a jere. Kuɗin fara aikin ma wani attajiri ne, Ted Jones, da matarsa Pat, suka bayar, dala miliyan 2.2.

Ina kan sirdin baya tunanina ya tafi ga ƙaramin dogon nan da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru ta Rahama, domin jigilar kuza. An kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957, ba tare da an yi masa irin wannan ajiya ba. Na san keke a wurinmu ba abin shaƙatawa ba ne, abin neman abinci ne. Wannan ma shi ya ƙara wa batun nauyi, domin manomin da ya ɗauro buhu a kariya, da yaron da ke zuwa makaranta a ƙauyen gaba, sun fi ɗan yawon buɗe ido bukatar hanyar da tirela ba ta bi. Dogayen da jiragensu suka yi ƙaranci ko suka ɗauke ƙafa a Arewa, filinsu na nan tukuna, kuma shi ne abin da ya kamata hukuma ta tsare kafin gine-gine su cinye shi.

Da la'asar sakaliya muka isa Hartsburg, ƙauyen da ya shahara da noman kabewa har yana yi mata biki duk Oktoba. Abokina ya ce saura mil goma mu kai mashigar Jefferson City, babban birnin jihar, ya tambaye ni ko zan karɓi gaba. Na karɓa. Ba mu yi taku ɗari ba na ji muryarsa daga bayana yana cewa, “Malam, ka yi shiru, ni fa ba na ganin komai.”