Aikin nemo kasuwa a fannin jiragen sama: ina gurbin ɗan Adar?

A cikin wannan ɗan bayani za mu duba wata sana'a da ba a cika ambata wa ɗalibanmu ba, wato aikin mai nemo wa kamfanin jiragen sama kasuwa. A manyan masana'antu irin su Airbus da ke Tuluz a Faransa, injiniya shi ke tsara jirgi, amma wani ma'aikaci daban ne ke gano mai saye, ya tattauna farashi, ya ɗaura yarjejeniyar gyara da kayan canji ta shekaru da dama. Sau da yawa shi ma injiniya ne da ya ƙaro ilimin ciniki da na doka.

Nijar ba ta ƙera jirgi. Saboda haka gurbinmu yana ɓangaren mai saye da mai haya, kuma a ganinmu nan ne aka fi yin asara. Air Niger, da aka kafa a 1966, ya daina aiki a 1993. Air Afrique, wanda ƙasashe 11 har da Nijar suka kafa a Yawunde a 1961, masu bin sa bashi sun karɓe masa jirage 4 samfurin Airbus A310 a 1998, sannan ya rushe a 2002. Ba matuƙa ya rasa ba, ba kuma makanikai ba. Lissafi ne ya kayar da shi.

Yaya lissafin yake? Kamfani yana biyan hayar jirgi da kayan gyara da dala, alhali tikiti da sefa ake sayensa. Wasu masu ƙera inji, kamar Rolls-Royce, suna karɓar kuɗin kula da injin ne bisa kowace awa da jirgi ya yi a sama. Ke nan kujerar da ta tashi ba kowa hasara ce da ba ta dawowa. Mu ɗauki misalin Tawa, mai nisan kilomita wajen 550 daga Yamai ta hanyar mota, wadda aka gyara filin jirginta albarkacin bikin Tahoua Sakola na 18 ga Disamba 2017. Jirgi irin ATR 72 yana ɗaukar mutum kamar 70. Tambayar da mai nemo kasuwa zai amsa ita ce: su wa za su cika shi kowane mako? Ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji masu zuwa Abalak da Cintabaradan? Maniyyata, waɗanda lokacinsu sau ɗaya ne a shekara? Ko ƴan kasuwar Adar da ke zirga-zirga zuwa Abijan? Albasar Galmi dai, duk da sunanta, nauyinta ya fi kuɗinta, sai babbar mota.

Akwai kuma kasuwar filayen jirgi. A 2019 kamfanin Summa na Turkiyya ya kammala sabunta filin Diori Hamani na Yamai, bisa yarjejeniyar ya riƙe shi shekara 30. Irin wannan takarda tana bukatar ɗan ƙasa da ya san kwalta da na'urori, ya kuma iya karanta sharuɗɗanta layi-layi.

Abin lura a nan shi ne ilimin ya rabu gida biyu. A Yamai, makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masana yanayi, da masu gyaran na'urori tun 1963; a Zariya ma akwai kwalejin tuƙin jirgi tun 1964. A Tawa kuwa, Jami'ar Djibo Hamani tana koyar da doka da tattalin arziki da gudanarwa. Ɗalibin da ke son wannan sana'a dole ya haɗa su da kansa, ya ƙara da Ingilishi, domin da shi ake rubuta yawancin yarjejeniyoyin hayar jirgi da littattafan gyara.