Dashen gashi: abin da tallan Istanbul ba ya faɗa wa mai sanƙo

Ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Turkiyya sayen kaya ya san wannan abin kallo. A filin jirgin Istanbul za a ga maza birjik, ƙeya naɗe da bandeji, goshi ɗaure da baƙin ƙyalle, saman kai kuwa cike da jajayen ɗigo kamar an yayyafa barkono. Ba haɗari suka yi ba, dashen gashi aka yi musu, suna kan hanyar komawa gida. Yanzu tallan wannan aiki yana shigowa har cikin wayoyin mutane a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: hoto ɗaya kai fayau, hoto na biyu suma baƙa wuluk. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne watannin da ke tsakanin hotunan biyu, da kuma shekarun da ke bayan na biyun.

Me ke kawo sanƙo?

A fada ana yawan ɗora wa hula laifi, wasu su ce yawan tunani ne, wasu su ce alamar arziki ce. Likitocin fata sun ce sanƙon da ya fi yawa ga maza gado ne, kuma ana iya gadonsa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Jikin namiji yana juya wani kaso na sinadarin mazantaka zuwa wani sinadari da ake kira DHT. Ga wanda ya gaji larurar, wannan sinadari yana ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da na tsakar ka. Gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina fitowa. Hula ba ta da hannu a ciki.

Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Sanƙo yana da tsarinsa: yana farawa daga gefunan goshi ko daga tsakar ka, yana ci gaba sannu a hankali. Likitoci suna auna shi da ma'aunin Norwood na shekarar 1975, mai matakai bakwai. Amma ko a mataki na bakwai, akwai gashin da ke saura a ƙeya da saman kunnuwa, domin saiwarsa ba ta jin DHT kamar ta saman kai. A kan wannan gashin aikin dashe ya dogara kacokan.

Yadda ake yin dashen

Wani likita na ƙasar Japan, Shoji Okuda, ya bayyana hanyar dasa gashi tun a 1939. A 1959 Norman Orentreich na birnin New York ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa gashin ƙeya, in aka mayar da shi goshi, yana riƙe halinsa na asali, ba ya zubewa kamar na wurin da aka kai shi.

Manomin albasa na Galmi ba sai an yi masa dogon bayani ba: ana cire shuka da saiwarta daga wuri ɗaya a dasa ta a wani. Gashi yana fitowa ne ƙungiya-ƙungiya, kowane tushe ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu, kuma waɗannan tushen ne ake ƙirgawa in an ji ana cewa an dasa wa wane dubu uku.

Hanyoyi biyu ne. A ta farko, FUT, likita yana yanke siririn yankin fata daga ƙeya, ya ɗinke wurin, sannan a rarraba tushen gashin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tana barin dogon tabo a ƙeya. A ta biyu, FUE, wadda aka bayyana a 2002 kuma ta fi yaɗuwa yau, ana zaro tushen ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe mai baki da bai fi milimita ɗaya ba. Ita ma tana barin tabo, sai dai ƙananan ɗigo ne masu yawa, waɗanda kan fito fili in mutum ya yi askin ƙwal-kwabo.

Inda aikin ya sha bamban da na manomi shi ne, manomi yana iya sake yafa iri. Ƙeya ba ta sakewa. Duk tushen da aka cire ya tafi har abada, wurin ba ya sake tsirowa. Dashe ba ya ƙara wa kai ko sili ɗaya, raba abin da ke akwai ne kawai. Abin da za a iya ɗiba daga ƙeyar mutum a tsawon rayuwarsa dubbai ne ƙalilan, kuma ga wanda sanƙonsa ya yi nisa ba za su isa su mayar da kai yadda yake a ƙuruciya ba.

Abin da masu dashen ke gamuwa da shi

Labarin waɗanda suka yi aikin ya yi kama da juna. Ba a sa mutum barci, allurar kashe zafi ake yi a fatar kai, kuma galibinsu sun ce ita ce ta fi ciwo. Daga nan sai zama ko kwanciya rub da ciki na awa shida zuwa takwas. Kwanakin farko goshi yakan kumbura, wani lokaci kumburin ya sauko har idanu. Ana kwana da kai a ɗage, a kiyaye kada wurin dashen ya gogi matashi. Ɓawon ciwon yakan faɗi cikin kwana goma zuwa mako biyu, tare da ƙaiƙayin da ba a yarda a sosa ba.

Abin da ya fi tayar da hankali yana zuwa ne bayan makonni biyu zuwa takwas: gashin da aka dasa ya zube. Mutum ya kashe kuɗi masu yawa, ya duba madubi ya ga kansa kamar da, ko ma ya fi muni. Wannan ba alamar lalacewar aiki ba ce, silin ne ya faɗi, saiwar tana nan. Sabon gashi yana fara leƙowa a wata na uku ko na huɗu, kuma ba a yanke wa aikin hukunci sai bayan shekara ɗaya zuwa wata goma sha takwas.

Ga mai dawowa Nijar akwai ƙarin wahala. A makonnin farko ana son a kiyaye wurin daga zafin rana, gumi da ƙura, kuma a guji hula mai matse kai. Wanda sana'arsa ke bisa babur ko a tsakiyar kasuwa, musamman a watannin bazara ko lokacin ƙurar hunturu, ya kamata ya lissafa kwanakin da zai zauna gida. Haka kuma ya tambayi likita tun kafin aiki yadda zai yi da sujada da shafar kai a alwala a kwanakin farko, ya kuma nemi bayanin malami kan sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni.

Dashe ba ya tsayar da sanƙo

Masu kallon ƙwallo suna tune da Wayne Rooney. A 2011, yana da shekara 25 yana wasa a Manchester United, shi da kansa ya sanar a Twitter cewa an yi masa dashen gashi. Bayan shekara biyu, a 2013, sai da ya koma aka sake yi masa. Mutum ne mai halin biyan likitocin London, amma kuɗi bai hana gashinsa na asali ci gaba da zubewa ba.

Nan ne matasa suka fi faɗawa rami. Saurayi ɗan shekara 22 da aka cika wa goshi da dashe zai ji daɗi na ƴan shekaru. In sanƙon ya ci gaba a bayan layin da aka dasa, sai ya wayi gari da tsibirin gashi a gaba, fili a baya, ga shi an riga an cinye rabin abin da ke ƙeya. Shi ya sa likitocin kirki ba sa gaggawar yi wa matashi aiki har sai an ga inda sanƙonsa ya dosa, kuma sukan ƙi sauko da layin goshi ƙasa sosai ko da mai kai ya nace.

Magunguna biyu ne aka fi tabbatar da amfaninsu wajen rage zubar. Minoxidil na shafawa ne, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Finasteride ƙwaya ce ta miligiram ɗaya da ke rage DHT, an amince da ita don sanƙo a 1997. Dukansu suna aiki ne muddin ana amfani da su, in an daina sai zubar ta dawo cikin watanni. Finasteride tana rage sha'awa ko ƙarfin namiji ga wasu ƙalilan, kuma ba a son mace mai ciki ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Ba maganin saye a tire ba ne, sai da takardar likita.

Gashin baƙar fata yana da nasa hali

Yawancin hotunan talla na Turawa ne da Larabawa masu miƙaƙƙen gashi. Gashin baƙar fata a murɗe yake, kuma murɗewar tana farawa tun daga ƙarƙashin fata. Ƙarfen da ke shiga a miƙe yana iya datse saiwar, tushen da aka datse kuwa an yi asararsa. Aikin yana buƙatar kayan da suka dace da hannun da ya saba. A ɗaya ɓangaren akwai riba: murɗaɗɗen gashi ya fi rufe fata, saboda haka kaɗan yakan yi kama da mai yawa.

Abu na biyu shi ne tabo mai tudu, wanda likitoci ke kira keloyid, kuma ya fi yawa ga baƙar fata. Wanda kaciya, tsaga, ƙaho ko wani tsohon rauni ya bar masa tabon da ya kumbura ya wuce bakin ciwon, dole ya faɗa wa likita. Haka ma mai ƙurajen ƙeya masu tauri da kan fito bayan aski, domin suna zaune ne daidai wurin da za a ɗebi gashin.

Sannan ba kowace zubar gashi ce sanƙon gado ba. Makero, da zubar da ke barin fili zagaye kamar kwabo, da cututtukan fatar kai masu barin tabo, kowanne da maganinsa daban, kuma dasa gashi a kan ciwon da bai lafa ba asarar kuɗi ce. Ganin likitan fata a gida, kafin a sayi tikitin jirgi, shi ne mataki mafi araha.

Kuɗi da haɗari

Turkiyya ta yi fice ne saboda sauƙin farashi. Tallace-tallace da yawa suna faɗin abin da ya kama daga yuro 1,500 zuwa 3,000, haɗe da otel da motar ɗauka. Da yake yuro ɗaya sefa 656 ne, wannan ya kama kusan miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu, ban da jirgi, biza da magungunan da za a ci gaba da saye shekara da shekaru.

Akwai ƙwararrun likitoci a Istanbul, akwai kuma wuraren da ke aiki kamar masana'anta. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi kan wuraren da sunan likita ke kan allo amma waɗanda ba likitoci ba ne ke yanka fata. Ɓarnar da aka fi gani ita ce ɗibar da ta wuce kima, wadda ke barin ƙeya kamar gonar da fara ta ci, da layin goshi miƙaƙƙe kamar an ja da ma'auni, da shigar ƙwayoyin cuta, da mutuwar wani yanki na fata. A Indiya an kai ga rasa rai bayan irin wannan aiki, har hukumar likitocin ƙasar ta fitar da ƙa'idoji a kansa a 2022. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai shan maganin tsinka jini da mai shan taba duk haɗarinsu ya fi yawa.

Kafin biyan ko dala ɗaya, mai niyya ya nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce: Wane likita ne zai yi aikin, kuma wane ɓangare zai yi da hannunsa? Mutum nawa ake yi wa a rana guda? Akwai hotunan baƙar fata da aka yi wa, shekara ɗaya bayan aiki, har da hoton ƙeya? Tushe nawa za a ɗiba, nawa za a bari don gaba? In wurin ya yi mugunya bayan an dawo Maraɗi, wa zai duba shi? Wurin da ya yanke adadin dashe daga hoto ɗaya na WhatsApp, ko ya ce babu tabo ko kaɗan, ko ya matsa a biya yau don kada rangwame ya wuce, abin gudu ne.

Ta fuskar addini, malamai da dama, ciki har da Sheikh Ibn Usaimin na Saudiyya, sun ba da fatawar halaccin dashen, suna ganinsa a matsayin gusar da aibi da gashin mutum na kansa, saɓanin ƙarin gashin wani da aka hana.

Sanƙo dai ba ya kisa, ba ya hana aure ko neman abinci, kuma maza da yawa sun zaɓi reza da hula sun huta. Ga wanda abin ya dame shi har cikin rai, dashe yana iya yin kyau in sanƙon ya daidaita, ƙeya na da wadata, kuma hannun da ya yi aikin ƙwararre ne. Kuɗin da aka kashe ana iya nemo wasu, amma tushen da aka cire daga ƙeya ba ya dawowa, don haka shi ya kamata a fara lissafawa kafin farashi.