Batakari: Daga Wadari Zuwa Wuyan Riga

Duk wanda ya zaga zangon Kumasi ko Nima ranar salla, zai ga manya da yara sun sha batakari. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka san irin aikin da ake yi kafin rigar nan ta kai ga jikin mai ita.

A garin Daboya da ke ƙasar Gonja, a bakin kogin Farin Bolta, inda aka shahara da wannan sana'a, tun zare bai hau masaƙa ba ake tsoma shi a ramin baba har ya yi shuɗi. Daga nan sai wadari, wato a ja zaren tsaye tsakanin turaku, ana lissafin fari da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne ake tsara ratsin da zai fito a jikin rigar. Wanda ya yi kuskuren ƙidaya a wadari, to ba shi da sauran gyara.

Masaƙar kanta 'yar ƙarama ce. Masaƙi yana zaune, ƙafafunsa na taka allira, zare na buɗewa, yana wurga ƙoshiya daga hannu zuwa hannu, sannan ya buga da matsefi. Can gaba kuma an ɗaure wadarin da kunkuru, wato katakon da aka ɗora wa dutse, don zaren ya tsaya a miƙe. Abin da ke fitowa ƙwarya ce siririya, faɗinta kamar inci 4.

Gwanintar masaƙi kuwa a gefen ƙwarya take. In ya ja zare da ƙarfi sai gefen ya tsuke, in ya sassauta sai ya yi baki-baki. Ko wanne ya faru, maɗinki ne zai sha wuya, domin shi zai yanka ƙwaryoyin daidai tsayi, ya haɗa su gefe da gefe, ya ƙara wasu daga ƙugu don rigar ta buɗe, kana ya kalmashe bakin ƙasa kada ya zare, a ƙarshe a yi wa wuya aiki.

Mai karatu zai tuna cewa da batakari Kwame Nkrumah ya tsaya a Akara a watan Maris na 1957 ya yi shelar 'yancin kan Gana. Yau kuwa yadin kamfani mai kwaikwayon ratsinta ya shigo kasuwa da araha, yana neman raba masaƙa da abincinsu.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, juya rigar ka duba ciki. In ka ga ɗinki a tsakanin kowace ƙwarya da 'yar'uwarta, ka kuma ji ta da nauyi a hannu, to saƙar masaƙi ce. Ka saya, ko da ta fi tsada. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.